Idan ka ji ciwo a wajen aiki, ga yadda za ka kai rahoto

Yawancinmu idan inji ya yanke mu ko santsin mai ya kayar da mu sai mu ɗaure da tsumma mu ce ƙaddara ce, bayan wata biyu hannu ya kumbura oga ya ce shi sam bai san zancen ba. To in ka ji ciwo, nan take ka gaya wa shugaban sashenku, amma kar ka tsaya a baki kawai, rubuta, ko a WhatsApp ne, ka sa rana da lokaci da wurin da wanda ya gani. Ɗauki hoton wajen kafin a goge. Ka je asibiti, kati da rasit duk ka adana.

A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ka kwana 14 ka sanar da kamfani, su kuma kwana 7 su sanar da NSITF, wato hukumar gwamnati da ke biyan diyyar ma'aikata, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ne. In ka ga suna jan ƙafa ka je ofishin NSITF da kanka.

Wayar wuta da ta sule ko tsani mai rawa ma haka, hoto da saƙo ga oga ranar da ka gani.