Yadda ake zaɓar darussan fiziks na AP kafin shiga jami'a a Amurka

Ɗalibin sakandare a Amurka da ke son karanta fiziks a jami'a yana da darussan AP guda huɗu a gabansa. AP, wato Advanced Placement, darussa ne masu matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare. Hukumar College Board ce ke shirya jarrabawarsu a watan Mayu, makin kuma daga 1 ne zuwa 5. Akwai Physics 1 da Physics 2, waɗanda suka maye gurbin Physics B a 2014. Sai Physics C mai kashi biyu: na motsi da ƙarfi, da na lantarki da maganaɗisu. Ba dole ne ka ɗauke su duka ba.

Mataki na farko, duba inda lissafinka ya tsaya, domin shi ne zai yanke maka hukunci. Physics 1 da 2 aljabra da tirigonometri kawai suke nema. Physics C kuwa sai da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canjawa. Ka ɗauki dutse da aka sako daga saman bene. Idan babu iska, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, kuma aljabra ta ishe ka. Amma da zarar ka saka turjiyar iska, lissafi ya canja: gudu yana ƙaruwa, turjiya tana ƙaruwa tare da shi, ita kuma tana rage ƙaruwar gudun. Wannan sarƙaƙiyar kalkulas ne kaɗai ke warware ta, kuma da irin ta za ka kwana ka tashi a jami'a.

Na biyu, idan ba ka taɓa yin fiziks ba, fara da Physics 1. Kada ka raina shi don babu kalkulas a ciki. Tambayoyinsa suna sa mutum ya bayyana dalili a rubuce, ba ya zuba lambobi a ƙa'ida kawai ba.

Na uku, ka shiga Physics C na motsi a shekarar da kake yin kalkulas, ko bayanta. Kashin lantarki da maganaɗisu ya fi tsauri, saboda haka gara ka riga ka yi nisa a kalkulas kafin ka taɓa shi. A ganina, idan jadawali ya matse har sai ka bar ɗaya, bar Physics 2 ka riƙe kalkulas. Abin da ke cikin Physics 2, kamar zafi da haske, za ka same shi gaba.

Na huɗu, karanta dokar jami'ar da kake hari kan yafe darasi saboda makin AP, don kowacce da tata. Da yawa ba sa ƙirga Physics 1 da 2 ga mai karatun fiziks, sai C, shi ma da maki 4 ko 5. Jami'ar Caltech da ke California ba ta yafe darasi saboda makin AP ko kaɗan.

Ko an yafe maka darasin shekarar farko, ka nemi tsofaffin takardun jarrabawar ƙarshe na darasin, ka zauna da agogo ka gwada. In ka ga gumi ya karyo maka, ka shiga ajin. Idan kuma makarantarku ba ta koyar da C, tambayi mai ba ɗalibai shawara ko za ka iya ɗaukar darasin a wata kwaleji ta kusa tun kana sakandare.