Bagaruwa ba ta wanke rauni

Na gaji da ganin mutum ya yanke, jini bai ko tsaya ba an riga an cusa masa garin bagaruwa. Bagaruwa magani ce, ba musu. Tana ɗaure fata, shi ya sa majeman Maradi ke jeme fatar jar akuya da ita. To amma idan ba a wanke ba, ɗaurewar nan ce ke cutarwa: bakin rauni ya rufe, ƙasa tana ciki, sai ruɓa ta fara daga can ƙasa.

Haka aka yi wa ƙanena da hauya ta sare shi a gona cikin damina. Aka cusa gari, aka ɗaure da tsumman da ke wuyan wani. Ƙafa ta kumbura, mugunya ta taru, zazzaɓi ya kwantar da shi. Sai da likita ya farke wurin ya kwashe, muka sayar da hatsi muka biya magani, noman shekarar kuma ya wuce shi. Haba jama'a! Ruwa mai tsabta da sabulu sun fi ƙarfinku ne? Ku wanke sosai tukuna, sannan a yi zancen ganye.

Masu sa kashin shanu ko ƙasa kuwa, ku ji tsoron Allah. Ƙwayar cutar tetanos, mai sarƙe haƙora, a nan take zaune, kuma rauni mai zurfi marar iska take so. Wanda ƙusa ko ƙaya ta soke sosai allura yake bukata, babu saiwar da za ta tsaya masa.

Nonon tumfafiya yana ƙona fata, a ido ma ya fi muni. Ganyen da aka tauna, yawu ne ka zuba a ciwo. Ƙuna, ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki ba. Cizon kare, sabulu da ruwa minti 15, sai gidan likita a ranar.

Ni dai a ƙaramin rauni ina tafasa ganyen dogon yaro, in tace, in bari ya huce, in wanke. Sai in shafa zuma tsantsa a ƙyallen da aka tafasa, in canza kullum. Mai ciwon suga ba na taɓa masa ciwon ƙafa, kome ƙanƙantarsa, likita nake tura shi. Haka duk raunin da ya fara wari, ko kumburi ya soma hawa sama.