Babi na Shida: Ɗinkin Ado da Hannu a Rigar Filon Kujera

Darasi na ɗaya: Zane

Abin da za mu ɗinka layuka ne da launi kawai, babu fure babu tsuntsu. Piet Mondrian, mai zane ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1944, ya yi suna da irinsa: baƙaƙen layuka a tsaye da a kwance, wasu gidajen ya cike su da ja, shuɗi ko rawaya, saura ya bar su fari. Na zaɓe shi ne don duk wanda ya iya riƙe rula zai iya.

Ku nemo farin yadin auduga mai kauri, allura, zaren ado, almakashi, rula, fensir da zoben katako mai kama yadi. In filon santimita 40 ne ta kowane gefe, ku yanka 43, rarar ta ɗinkin baki ce. Ku wanke yadin ku goge tukuna. Sannan ku ja layi uku a tsaye, biyu a kwance. Kada gidajen su zo daidai, kyansa ke nan.

Darasi na biyu: Jan zare

Zoben biyu ne. Ƙaramin a ƙasa, yadi a kansa, babban a sama. Ku ɗaure har yadin ya miƙe kamar fatar ganga. Zaren sili shida ne, ku raba ku ɗauki uku, tsawonsa daga yatsa zuwa gwiwar hannu.

Don cike gida da launi, ku soko allura daga ƙasa, ku mayar da ita gaba kaɗan, ku sake sokowa dab da ɗinkin farko. Gidan da ya fi yatsa faɗi, a cike shi da dogon ɗinki da gajere, sahu sahu.

To, a nan ake faɗuwa. Kada ku ja zaren da ƙarfi. Da ya kwanta a kan yadin, ku tsaya. Ku sake sokowa, ya kwanta, ku tsaya. In kun finciko shi, yadin zai tattare, kuma guga ba ta gyara wannan. Bayan ɗinki biyar ku shafa da yatsa. Kun ji tudu? Ku warware ku sake, babu kunya a ciki, hannu zai saba.

Amma fa na faɗa na ƙara faɗa, har yanzu ana kawo mini aiki a tattare ana cewa laifin yadi ne. Gaggawa ce! Wanda ya ƙi warwarewa yau, gobe duka zai warware. Ya kwanta, ku tsaya.

Darasi na uku: Baƙin layi

Sai an gama launuka ake yin sa, don ya rufe bakinsu. Sili shida duka, ƙananan ɗinki a jere. Nan ma banda ja.

Darasi na huɗu: Haɗawa

Ku cire zoben, ku goge ta baya. Ku haɗa da yadin baya fuska da fuska, ku ɗinke gefe uku, ku sa zif a na huɗu, ku juya.