Rataye jarumi kai ƙasa ƙafa sama: inda masu ƙananan fina-finai suke kwafsawa

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne a ɗaure mutum a idon sawu da igiya a ce wai shi ke nan a ja shi sama. Duk nauyinsa ya koma kan gaɓa ɗaya kenan, in kuma zarge aka yi sai ya dinga matsewa har ƙafar ta mutu. Waccan igiyar ta ƙafa ado ce kawai saboda kyamara, ainihin mai ɗaukar nauyin bel ne irin na masu hawa dutse ko aikin sama, a sa shi ƙarƙashin kaya ya kama ƙugu da cinya da kafaɗu, igiyarsa ta bi ta cikin wando.

Sai wurin ratayewa. Don Allah a bar ƙugiyar fanka, kuma reshe yana iya zama kore a waje cikinsa gara ta gama da shi. A sa igiya 2 kowacce da maɗaurinta daban, a fara gwadawa da buhun yashi wanda ya fi jarumin nauyi, a girgiza shi sosai.

Tsayi kuma ba burgewa ba ce, kansa ya zama dab da katifa mai kauri, kyamara ta ɗauko daga ƙasa, mai kallo ba zai gane ba. Wuya ba ya buƙatar nisa kafin ya karye.

Darakta sai ya bar yaro a rataye yana gyara laitin, wato hasken fitilu, yana a maimaita a maimaita, alhali jini sai taruwa yake a kai, idanu sun yi jajir. A gama komai tukuna sannan a ɗaga shi, sakan 30 a sauke, ya ɗan kwanta kafin ya zauna saboda jiri. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon ido na gulukoma ko mai ciki ma kar a fara.

Hannunsa kar a ɗaure da gaske, ya riƙe bakin igiyar a tafinsa. Naushi kuma iska za a daka, a editin za a sa ƙarar, don in ya fara lilo bango zai tarar. A ajiye kalma ɗaya da in ya faɗa an tsaya, mutum 2 a kan igiya, ɗaya kuma yana tsugune kusa da kafaɗarsa, ba ya kallon komai sai shi.