Kafin ku toya inamel, ku tuna da bayan ƙarfen

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon inamel, wato garin gilashin da ake narkawa a kan ƙarfe, irin rufin da ke jikin kwanon langa.

Farkon farawata na toya 'yan kunne na jan ƙarfe, shuɗi mai kyau ya fito. Ina ajiye su suna hucewa, sai na ji ƙas! Gilashin ya tsage, ya ɓantare ta gefe. Raina ya ɓaci sosai. Ashe laifina ne, fuska ɗaya kawai na rufe. Ƙarfe ya fi gilashi tsukewa in yana sanyi, sai ya janye shi ya fasa. Ku riƙa barbaɗa garin a baya ma, ko ragowar launuka ne, ku fara toya shi.

Sai wanki. Ku goge ƙarfen da lemon tsami da gishiri har ruwa ya kwanta a kansa bai dunƙule ba, sannan ku kama shi ta gefe kawai, don maiƙon yatsa kan hana garin kamawa.

Zafin toyawar yakan kai digiri 800 a ma'aunin Celsius, kar ku tsoma ƙarfen a ruwa, ku bari ya huce da kansa. Don Allah ku sa takunkumi in kuna tankaɗe, gilashi ne fa.