Yadda Ake Gano Matsalar Firinta Mai Buga Zallar Rubutu

Firintocin rasit na kantuna da kemis, da tsofaffin nan masu ribon irin su Epson LX-300, sau da yawa ana haɗa su da kwamfuta ta direban Windows (manhajar da ke sada kwamfuta da firinta) mai suna Generic / Text Only. Wannan direba ba ruwansa da hoto ko salon rubutu, haruffa da lambobi tsurarsu yake turawa. Idan aiki ya cije, bi shi daki-daki kafin ka kinkimi firinta zuwa wurin mai gyara.

Da farko gwada firintar ita kaɗai. Kashe ta, ka danne maɓallin tura takarda, ka kunna ba tare da ka saki ba. Yawancinsu za su buga takardar gwaji mai nuna saitinsu. In ta fito tas, laifin ba na firinta ba ne. In ta fito fara fat a firintar rasit, duba ko a baibai aka sa takardar: karce ta da farce, gefen da ya yi baƙi shi ne zai fuskanci kan firinta.

Na biyu, shiga Printer properties, ka buɗe Ports. Wanda ya zare wayar USB ya soka ta a wata kafa, yana iya tarar da firinta ta koma USB002 alhali Windows na ci gaba da turawa USB001. Mai amfani da COM1, wato tsohuwar kafar waya ta serial, kuwa ya tabbatar gudun da aka saita a kwamfuta, misali 9600, ya yi daidai da wanda takardar gwaji ta nuna. In sun saɓa, shirme za ta yi ta bugawa.

Na uku, idan ayyukan bugu sun taru sun ƙi tafiya, buɗe services.msc, ka tsayar da Print Spooler, wato mai jera ayyukan bugu a Windows, ka goge abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan ka sake tayar da Print Spooler ɗin.

Na huɗu shi ne ya fi damun mai rubutu da Hausa. Tushen irin wannan bugu shi ne tsarin ASCII mai alamomi 128, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Alamar naira ₦ ma babu. Sai ka rubuta "ƙwai" a rasit, ya fito da alamar tambaya ko wasu baƙaƙe biyu marasa kan gado a gurbin ƙ, domin a tsarin adana rubutu na UTF-8 harafin nan guda biyu ne a wurin firinta. Canja code page, wato jadawalin haruffan firinta, zuwa 437 ko 850 ko 1252 yana gyara haruffan Faransanci irin su é, abin da zai yi wa ɗan kasuwar Maradi amfani, amma ba zai kawo masu lanƙwasa ba. A ganina kada ka ɓata lokaci: rubuta k' da d' da b', ka sa N ko NGN a gaban kuɗi. In dole sai sun fito, sa direban kamfanin da ya ƙera firintar, wanda ke buga rubutu a matsayin hoto, ka yi haƙuri da rashin sauri.

Na biyar, tsarin layi. Idan kowane layi yana farawa daga inda na samansa ya ƙare, rubutu ya zama kamar matattakalar bene, to fayil ɗin daga Linux ya zo da umarnin sauka kawai, babu na komawa farkon layi. Mayar da shi tsarin Windows a manhajar rubutu ta Notepad++, ko ka kunna Auto CR, saitin komawa farkon layi, a firintar. Idan kuma layuka na karyewa, ƙirga haruffa: takarda mai faɗin milimita 58 kan ɗauki 32 a layi, mai 80 ta ɗauki 42 ko 48. Rage gefen shafi a Page Setup na Notepad, ka share sunan fayil da lambar shafi da Notepad ke liƙawa sama da ƙasa, sannan ka sake bugawa.