Babi na Bakwai: Yadda Ake Ɗaura Gashi a Ƙugiya

Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. A wannan babin za mu koyi ɗaura gashi a jikin ƙugiya, yadda mutum zai yi fatsa ba tare da tana ko kwaɗo ko ɗan kifi ba. Wanda yake iya karatu da kansa, ya karanta a hankali. Wanda bai kai ba tukuna, ya sa na kusa da shi ya karanta masa, shi kuma ya riƙe ƙugiya a hannu yana bi. Ba abin kunya ba ne. Da yawanku kun fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, ɗaurin kawai zan nuna muku.

Darasi na 1: Abin da za mu yi da kayan da za mu nema

Ƙugiya ce mai dalma a kai, mai gashi a baya. Idan aka ja ta cikin ruwa, gashin yana tsukewa yana buɗewa, sai babban kifi ya zaci ɗan kifi ne ke gudu, ya kai cafka. Masu fatsa a Amurka sun daɗe suna yin ta, da gashin wutsiyar barewar ƙasarsu. Mu muna da gezar rago, wato dogon gashin nan na wuyansa da ƙirjinsa, muna da gemun bunsuru da bakin jelar saniya. Ku tambayi mahauta ko majema, musamman bayan Babbar Sallah. Izgar doki ta cika ƙarfi, ba ta rawa a ruwa, ku bar ta.

Kifi mai cin 'yan'uwansa ake nema da ita: giwan ruwa da tsage, irin waɗanda ake samu a Kainji, da kogin Neja da Binuwai, da Tafkin Chadi. Tarwaɗa wari take bi, ta fi son ƙoto na gaske. Bargi kuwa ba ruwansa da ita.

Kowa ya tanadi ƙugiya, da ɗan guntun dalma irin wadda ake matsawa a bakin birgi, da zaren nailan siriri mai ƙarfi, da almakashi, da filaya, da robar tsohon tib na keke, da jan farce ko gam mai kamawa nan take. Gashin kuma a wanke shi da sabulu a shanya a inuwa tun kwana ɗaya kafin aiki. Gashi mai maiƙo santsi gare shi, zare ba ya riƙe shi.

Darasi na 2: Ƙugiya da dalma

Ɗauki ƙugiyarka ka duba. Wuri huɗu gare ta. Ido, wato ƙofar da ake zura igiya. Jiki, wato miƙaƙƙen ƙarfen da ke bin ido. Lanƙwasa. Sai tsini. Sa yatsa ka taɓa kowanne, ban da tsini, ka faɗi sunansa da baki. Ido, jiki, lanƙwasa, tsini. Waɗannan sunaye huɗu za mu yi ta amfani da su har ƙarshe.

A jikin kwalin ƙugiya akwai lamba. Ku lura da kyau: idan lamba ta yi girma, ƙugiya ƙanƙancewa take yi. Lamba 10 ba ta kai lamba 4 girma ba. Amma in kun ga an rubuta lamba, an ja karan tsaye, an sa sifili, kamar 1/0 ko 3/0, to lissafin ya juya: 3/0 ta fi 1/0 girma. Mai koyo ya fara da 1/0 ko 2/0, don yatsu su sami wurin kamawa.

Kama lanƙwasar da bakin filaya, ka naɗe hannuwan filayar da roba tamau, ka matse ta tsakanin gwiwoyinka. Ido ya kalli hannunka na dama. Bahago ya juya. Yanzu hannuwanka biyu ba su riƙe da komai.

Amma tun da farko, yanki dalma kamar girman ƙwayar gyaɗa, ka naɗa ta a jiki dab da ido, kada ta toshe ido, ka matse ta sosai har ta daina motsi kafin ka kafa ƙugiyar a filaya. Wannan shi ne kai. Wanda ya sami ƙugiyar kanti mai kai a haɗe ya huta. Za ku ga an rubuta 3.5g ko 7g. Harafin g yana nufin giram, nauyi ke nan. Mai 7 ta fi saurin nutsewa.

Kada wanda ya matse dalma da haƙori. Kada wanda ya narka ta a murhun girki ko a cokalin gida. Dalma guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ku tattara ɓarɓashin da ya zube, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Darasi na 3: Ɗaurin gashi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane suka fi faɗuwa. Mu tafi sannu sannu.

Da farko a yi wa ƙarfe shimfiɗa. Kwantar da bakin zare a jikin ƙugiya bayan kai, ka naɗa zaren a kan bakin nasa, kana bi ta sama kana nisa da ƙirjinka, ka dawo ta ƙasa. Naɗi kusa da naɗi, har ka rufe wuri mai faɗin farcen ƙaramin yatsa. Kada ƙarfe ya leƙo a wurin. Gashin da aka ɗora a kan tsurar ƙarfe juyawa yake yi.

Yanzu yanko gashi daga gindinsa, kaurin tsinken ashana biyu. Biyu na ce. Riƙe shi ta wajen tsinin gashin, ka tsefe gindin da yatsu, gajerun gashi masu laushi su zube. Su ne suke hana zare kama dogayen. Gwada tsawo: gashin ya wuce lanƙwasa da kamar tsawon ƙugiyar kanta. In ya yi tsawo, rage ta gindi. Ba a taɓa yanke bakin gashi, domin siririn bakin nan shi ke rawa a ruwa.

To ga matakin. Ɗora gindin gashi a kan shimfiɗa. Matse gashi da ƙugiya tare, da babban yatsa da manuni na hagu. Zagaya zare sau ɗaya, sako sako. Zagaya na biyu, sako sako. Sai a na uku ka ja zaren ƙasa a hankali har ya kama. Hannun hagu yana nan bai saki ba. Ƙara naɗi huɗu masu ƙarfi. Sannan ka saki.

Mu sake. Matse. Ɗaya sako sako. Biyu sako sako. Uku a ja. Huɗu masu ƙarfi. Saki.

Dalilin sako sako shi ne, zaren da aka ja da ƙarfi tun zagayen farko tura gashi yake yi gaba, gashin ya gangara ƙarƙashin ƙugiya ko ya watse. Zagaye biyun farko kewaye gashin kawai suke yi, su tattara shi wuri ɗaya, kamar yadda ake fara zagaya igiya a damin dawa kafin a taka a ja. Na ukun shi ke ɗaurewa.

In gashinka ya juya, kada ranka ya ɓaci. Kusan kowa haka yake farawa. Warware, ka mayar da gashin sama, ka matse. Ɗaya sako sako, biyu sako sako, uku a ja. Hannu zai saba, in sha Allahu.

Abin da na fi gani a aji shi ne sakin hannun hagu. Mutum ya yi zagaye biyu daidai, sai ya ɗaga yatsu don ya leƙa ko ya yi kyau. Yana ɗagawa aikin ya rushe. Haba, 'yan'uwa! Me za a leƙa a abin da ba a ɗaure ba? Yatsun hagu ba sa tashi sai an gama naɗi huɗu masu ƙarfi. Ƙirga da baki, ba wanda zai yi maka dariya. Akwai kuma masu dumbuzo gashi cike da hannu wai don a gama da wuri. Na faɗa, na sake faɗa, tsinken ashana biyu. Zare yana kama na waje ne kawai, na tsakiya ya zauna a sake, kifi na farko ya zare shi ya bar ka da ƙugiya tsirara. Wanda ya ƙi ji, shi zai yi asarar gashinsa da yininsa.

Idan kashi na farko ya zauna a sama, juya filayar, ka ɗora kashi na biyu a gefe ɗaya, na uku a ɗaya gefen. Kowane kashi da nasa matakin, ba a tsallakewa: matse, ɗaya sako sako, biyu sako sako, uku a ja, huɗu masu ƙarfi, saki. Gwada jan gashin da yatsu. In ya zaro, koma baya. Kada ka ce gam zai gyara, gam ba ya gyara ɗaurin da bai kama ba.

Farin gashi a ƙasa, baƙi ko ja a sama, ya fi kama da ɗan kawara, mai fari a ciki da duhu a baya. Amma wannan sai hannu ya faɗa. Yanzu dai a iya matsewa da zagaye biyun nan.

Darasi na 4: Ƙulli

Datse gindin gashin da ya leƙo wajen kai. Rufe shi da naɗi har wuyan ya yi sumul. Yi zobe da zare, ka murɗa shi sau ɗaya, ka zura shi ta kan dalma, ka ja ya zauna a wuya. Yi haka sau huɗu. Yanke zare. Ɗiga jan farce ko gam a kan zaren kawai, ban da gashi, ban da ido. Rataye ya bushe.

Darasi na 5: A bakin ruwa

Jefa, ka bari ta nutse, ka ɗaga sanda ka sauke kana jan igiya a hankali. Yawanci lokacin da take sauka kifi ke kamawa. Tsage na yanke igiya da haƙori, a sa siririyar waya taki ɗaya kafin ƙugiya. In an dawo gida a shanya ta kafin a adana, don kada ta yi tsatsa.

Aikin gida

Kowa ya ɗaura ƙugiya uku ya zo da su. Ya kuma rubuta waɗannan kalmomi a littafinsa: ido, jiki, lanƙwasa, tsini.